Littafin Haya: Me Ɗalibi Ke Mayarwa, Me Yake Riƙewa?

Bahaushe ya rarrabe hanyoyin da abin wani ke shiga hannunka, ya ba kowace sunanta. In ka karɓa za ka mayar da shi kansa, ba ka biya komai ba, aro ka yi. In madadinsa za ka mayar, kamar kuɗi ko hatsi, wannan rance ne. In ka biya don ka mora zuwa wani lokaci sa'an nan ka mayar wa mai shi, haya ke nan. In kuwa ka biya ya zama naka, ka ga dama ka kyautar, ka ga dama ka bar wa magada, to, ka saya. Mun saba da hayar gida da hayar keke da hayar kujeru ranar biki, ba kuwa wanda ke ganin aibinsu. Amma littafin karatu fa? Shin daidai yake da kujerar biki, wadda in taro ya watse sai a kwashe ta a kai wani gidan? Wannan ita ce tambayar da nake son mu yi nazarinta, ɗalibai da malamai gaba ɗaya, don kuwa akwai ƙasar da hayar littattafan jami'a ta zama babbar kasuwa, watau Amurka, kuma abin da ya faru a can ya isa a tsaya a dube shi.

Tsada ce ta haifi wannan kasuwa. A 2005 ofishin binciken kuɗi na Majalisar Amurka ya ba da rahoto cewa daga ƙarshen 1986 zuwa ƙarshen 2004 farashin littattafan jami'a ya ƙaru da kashi 186 cikin ɗari, watau ya kusa ninkawa uku, alhali sauran kayan masarufi kashi 72 cikin ɗari suka ƙaru. Littafi guda na kimiyyar haɗa magunguna ko na lissafi ko na tattalin arziki yakan kai dala 200, wani ma ya wuce, ga shi kuma ɗalibi darussa huɗu ko biyar yake ɗauka a zango ɗaya. Da abin ya yi tsanani sai 'yan kasuwa suka hango dama. Kamfanin Chegg ya fara ba da hayar littattafai ta intanet a 2007. Kantunan littattafai na cikin jami'o'i suka bi sahu wajen 2010, Amazon kuma ya shigo a 2012. Tsarin ba shi da wuya. Ɗalibi ya zaɓi littafi, ya biya wani yanki na farashinsa, a aiko masa ta gidan waya ko ya karɓa a kanti, ya riƙe har ƙarshen zango. Bayan jarrabawa ya mayar. In ya makara a ci shi tara. In ya ɓatar, ko ruwa ya lalata, ko ya cika shi da rubutu har ya wuce kima, sai a cire sauran kuɗin littafin daga katinsa na banki.

Shin akwai sauƙi a ciki? Akwai, ba kuwa zan yi jayayya da wannan ba. A ƙaddara littafin dala 200 ne, hayarsa kuma dala 60. Wani zai ce ai in ɗalibi ya saya, ya sayar a ƙarshen zango da rabin kuɗin, dala 100 kawai ya yi asara, bambancin bai taka kara ya karya ba. Haka ne, in dai ya sami mai saye. Amma kamfanonin ɗab'i sukan fito da sabon bugu duk shekara uku ko huɗu, su sauya lambobin shafi, su jujjuya tambayoyin ƙarshen babi, kuma ranar da sabon bugu ya fito, tsohon ya tashi daga dukiya ya koma takarda. Haka nan in malami ya sauya littafi. Ɗalibin da ya saya da nufin sayarwa caca yake yi, ba shi ne kuwa ke riƙe da kartar ba. Wanda ya yi haya ya ɗora wa kamfani wannan kasadar, ya san iyakar abin da zai kashe tun daga ranar farko. Ga mai ƙaramin ƙarfi, wanda yake aikin dare a gidan abinci don ya biya kuɗin makaranta, sanin iyakar asara ba ƙaramin abu ba ne. Kuma kada mu manta, zaɓin da ke gaban da yawa daga cikinsu ba tsakanin haya da saye yake ba. Tsakanin haya ne da shiga aji hannu rabbana. A nan kam, da babu gara ba daɗi.

Kada kuma mai karatu ya zaci wannan sabon abu ne da zamani ya zo da shi. Hayar littafi sa'ar jami'a ce. A ƙarni na 13, a jami'o'in Bolonya da Faris, tun ba a ƙago injin ɗab'i ba, akwai masu kanti waɗanda jami'a ta amince da su, suna ajiye ingantaccen kwafi na kowane littafin da ake karantarwa. Ba a ɗinke littafin ba, an rarraba shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi 'yan warƙoƙi kaɗan. Ɗalibi ya biya, ya ɗauki ƙunshi ɗaya, ya je ya kwafa ko ya ba marubuci ya kwafa masa, ya mayar ya ɗauko na gaba. Ta haka mutane da yawa ke kwafar littafi ɗaya a lokaci ɗaya. Jami'a ce ke duba ingancin kwafin, ita ce kuma ke yanka kuɗin haya; jerin farashin da Jami'ar Faris ta yanka a 1304 yana nan har yanzu. A wajen malaman Musulunci ma zancen tsoho ne. Alƙali Badruddin Ibn Jama'a, wanda ya rasu a Masar a 1333, da yake bayanin ladubban ɗalibi game da littattafai ya jera hanyoyin samunsu, ya sa saye a gaba, haya ta biyo, aro ya zo ƙarshe.

To, amma a lura da wani abu game da hayar Bolonya da Faris. Ɗalibin da ya mayar da ƙunshi na ƙarshe, da littafinsa yake komawa gida. Abin da ya yi haya shi ne damar kwafa, kuma ƙarshen hayar mallaka ce. Ɗalibin Amurka kuwa in ya liƙe kwali ya miƙa a gidan waya, hannunsa wayam yake fitowa. Daga nan tambayarmu ta soma nauyi.

Na san amsar da za a ba ni, amsa ce kuwa mai ƙarfi. Za a ce ilmi a ƙirji yake, takarda masauki ce kawai. Ana ba da labarin Imam Gazali, cewa yana dawowa daga neman ilmi a Jurjan sai 'yan fashi suka tare ayarinsu, suka ƙwace har jakar da ya tara rubuce-rubucensa na karatu. Ya bi shugabansu yana roƙo a mayar masa da ita, wai ilminsa ne a ciki. Ɗan fashin ya yi masa dariya, ya ce wane irin ilmi ne wannan da za a raba mutum da shi ta hanyar ƙwace jaka? Aka ce Gazali ya ɗauki maganar a matsayin wa'azi, ya zauna shekara uku yana haddace abin da ya rubuta. Bisa wannan ra'ayi, hayar littafi ma horo ce mai kyau, don wanda ya san ranar rabuwa da littafi zai fi dagewa ya kwashe abin da ke ciki, wanda ya saya kuwa sai ya jingine shi a kan kanta yana cewa ai nawa ne, gobe na karanta. Duk wanda ya taɓa aron littafi na kwana biyu daga wajen aboki mai rowa ya san yadda ido ke buɗewa a irin wannan hali. Gaskiya kuma ita ce yawancin littattafan shekarar farko, waɗannan masu nauyin bulo, ba a sake buɗa su bayan jarrabawa. Ɗalibin aikin lauya da aka tilasta wa darasin ilmin taurari don cika sharaɗi, me zai yi da littafin bayan wata huɗu?

Duk da haka labarin Gazali bai ƙare inda masu kawo shi ke tsayawa ba. Ai an mayar masa da jakar. Daga cikinta ya yi haddar, shekara uku yana komawa kan rubutun hannunsa. Da wata huɗu aka ba shi, da ba mu ji labarin ba. Fahimta ba ta bin kalandar jami'a. Akwai babin da mutum zai karanta a aji ɗaya ya ci jarrabawa a kansa bai gane shi ba, sai ya kai aji uku, wani darasi dabam ya haska masa, ya ce ashe abin da ake nufi ke nan! A wannan lokacin yake bukatar ya miƙa hannu ya ɗauko littafin nan, shi kansa, ya buɗe shafin da ya taɓa yi wa alamar tambaya. In ya tarar da tambayar da ya rubuta yana ɗan shekara 19, zai ga tazarar da ya yi, zai kuma ga inda tunaninsa ya karkace tun farko. Wani kwafin daga laburare zai ba shi maganar mawallafi, amma ba zai ba shi wannan ba.

Gefen shafi wuri ne mai daraja a tarihin ilmi, ko da yake ba a cika kula da shi ba. Wanda ya taɓa ganin tsofaffin littattafan malamanmu na zaure, waɗanda ake ajiyewa warƙa-warƙa a cikin gafaka, ya san yadda ake barin fili tsakanin layuka da gefe, ɗalibi ya cika shi da ƙananan rubutu, nan fassarar kalma da ajami, can abin da malam ya faɗa ranar da aka zo wurin. In littafin ya gangaro hannun ɗa ko almajiri, ya gaji karatu biyu ke nan, na mawallafi da na wanda ya riga shi. A Faransa ma, wajen 1637, a gefen shafin wani tsohon littafin lissafi Pierre de Fermat ya rubuta da'awarsa wadda ta gagari masana har sai da Andrew Wiles ya tabbatar da ita a 1994. Ɗansa ne ya tarar da rubutun bayan rasuwarsa ya buga shi a 1670. Ba ina cewa kowane ɗalibi Fermat ne ba. Abin da nake cewa shi ne karatu na haƙiƙa gardama ce da mawallafi, gardama kuwa tana son wurin zama. Kamfanonin haya sun yarda a ɗan ja layi, a ɗan shafa launi, amma ɗalibi ya san duk abin da ya rubuta na ɗan lokaci ne, kuma in ya yawaita za a ci shi tara. Sai ya koyi karatu irin na baƙo a ɗakin mutane, yana ɗari-ɗari, ba ya taɓa komai.

Akwai kuma zancen adalci, wanda ya fi damuna. Ɗan mai hali ya saya, ya gama jami'a da kanta cike da littattafan fanninsa, ƙannensa su taso su tarar. Ɗan talaka ya yi haya, ya gama da takardar shaida da bashi. Su biyun darasi ɗaya suka ɗauka, wataƙila ma na biyun ya fi maki, amma gidan ɗaya ya ƙaru da abin da gidan ɗayan bai ƙaru da shi ba. Gidan da ya fi bukatar littafi, wanda ba a taɓa yin ɗan jami'a a cikinsa ba, shi ne littafin ke shiga ya fita kamar ɗan ci-rani. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ba laifin ɗalibin ba ne, ba kuma laifin mai ba da haya ba ne, don shi sauƙi ya kawo. Amma bai kamata sauƙin ya rufe mana ido mu manta cewa wani abu ya salwanta ba. Shawarata ga ɗalibi a nan gajeriya ce: ya yi hayar littafin darasin da zai wuce shi, ya yi ƙoƙarin mallakar biyu ko uku na fannin da zai rayu a cikinsa, ko da tsohon bugu ne mai araha, don ka'idojin lissafi ba sa tsufa saboda an sauya bango.

Har yanzu dai ba mu taɓo gindin maganar ba. Me ya ba Chegg ikon ba da hayar littafin da ba shi ya rubuta ba, ba shi ya buga ba, bai kuma nemi izinin kowa ba? Wata tsohuwar ƙa'idar shari'a ce. A farkon ƙarni na 20 wani kamfanin ɗab'i mai suna Bobbs-Merrill ya buga wani littafin hikaya, ya rubuta a cikinsa cewa kada wanda ya sayar da shi ƙasa da dala 1. Kantin Macy's na birnin New York ya saro ya riƙa sayarwa santi 89. Aka je kotu, a 1908 Kotun Ƙoli ta ce mai haƙƙin mallaka yana da ikon hana a kwafi littafinsa, amma kwafin da ya riga ya sayar ya fita daga hannunsa. Wanda ya saya ya ga dama ya sayar, ya ga dama ya ba da aro. A kan wannan ƙa'ida laburare ke tsaye a Amurka, da kasuwar tsofaffin littattafai, da kasuwar haya. An sake gwada ta a zamaninmu. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Thailand, Supap Kirtsaeng, da ya zo karatun lissafi a Jami'ar Cornell a 1997, ya lura littattafan da ake sayarwa da tsada a Amurka kamfanonin suna buga irinsu da araha a Asiya. Ya sa danginsa suna saye suna aiko masa yana sayarwa. Kamfanin John Wiley ya kai shi ƙara, kotun farko ta ce ya biya dala 600,000, amma a 2013 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta ce abin da ya saya halal nasa ne, ko a ina aka buga shi.

Ashe ke nan haya 'yar mallaka ce. Sai wani ya iya mallakar littafi tukuna sa'an nan zai iya ba da hayarsa, kuma sauƙin da ɗalibi ke samu ya fito ne daga cewa masu mallaka suna da yawa, suna gasa da juna. Ga mai haya, ga mai tsohon kwafi, ga ɗan aji biyu da ke son rabuwa da nasa, ga laburare. Kowannensu ƙofa ce, kamfanin ɗab'i kuwa ba shi da mabuɗin ko ɗaya.

Ya kamata a saurari kukan ɗaya ɓangaren. Mawallafin da ya kwashe shekaru yana rubuta littafi, sau ɗaya ake biyansa a kan kowane kwafi. In kwafin ya zaga hannun ɗalibai takwas ta hanyar haya, bakwai sun sha guminsa ba su ba shi ko anini ba. Wannan kuka mun san shi a gida. Lokacin da littattafan hikaya na Hausa suka bunƙasa a Kano a shekarun 1990, shagunan haya sun yawaita, mai shago ya sayi kwafi kaɗan unguwa guda ta karanta, marubuta kuwa suna ta ƙorafin cewa ciniki ya ragu, ko da yake shagunan nan su ne suka kai karatu ɗakunan matan da ba su da kuɗin saye. Wasu ƙasashe sun nemi tsaka-tsaki. Denmark ta fara biyan marubuta a kan littattafansu da ke laburare tun 1946, Ingila ta yi irin wannan doka a 1979, Tarayyar Turai kuma a 1992 ta ba mawallafi ikon yarda ko hana hayar aikinsa. Amurka ba ta bi wannan hanya ba game da littafi. Kamfanonin ɗab'inta sai suka ce tun da a zangon farko kawai suke ciniki, dole su cusa dukkan ribarsu a cikin farashin farko, su kuma gaggauta sabon bugu. Tsada ta kori ɗalibai zuwa haya, haya ta zama hujjar ƙarin tsada. Ko wanne ya fara, ɗalibi ne a tsakiya.

Maganin da kamfanonin suka samo daga baya shi ne abin da nake ganin ya sauya ma'anar kalmar haya ɗungurungum. Da farko suka haɗa littafi da wata lambar shiga dandalin intanet, inda ɗalibi zai yi aikin gida a ba shi maki. Lambar mutum ɗaya take yi wa aiki, zango ɗaya ko biyu, sa'an nan ta mutu. Wanda ya yi hayar littafi ko ya sayi tsoho, dole ya sake sayen lambar dabam, in ba haka ba ba shi da makin aikin gida. Watau an sa wa ɗalibi kuɗin shiga kafin ya miƙa aikinsa ga malaminsa. A 2018 kamfanin Cengage ya fito da tsarin biyan kusan dala 120 a zango don karanta duk littattafansa a kwamfuta. A watan Yuli na 2019 Pearson ya ba da sanarwar cewa littattafansa na jami'a a Amurka, wajen 1,500, a kwamfuta za a riƙa sabunta su tukuna, mai son na takarda kuma ya yi haya. Kasuwar haya ta 'yan tsakiya ta yi ta ja da baya, har Amazon ya daina ba da hayar littattafan takarda a 2023.

Sunan bai sauya ba, haya ake cewa, farashin ma sau da yawa ya fi na sabon littafin takarda sauƙi. Amma a da ɗalibi ne ke zaɓen haya daga cikin ƙofofi huɗu ko biyar. A sabon tsari mai littafin shi ne mai hayar, ba kwafin da ke fita daga hannunsa balle ya tsufa ya yi araha. Ba ɗan aji biyu da zai sayar wa ɗan aji ɗaya. Ba aro, don ba a aron abin da ke kulle da sunan mutum. Wannan na ƙarshe ya fi yi mini ciwo, domin aron littafi tsakanin ɗalibai makaranta ce mai zaman kanta: a nan ake koyon riƙon amana, da cika alkawari, da kunyar mayar da abin mutum a yage, a nan kuma ake ƙulla abotar da kan wuce zamanin jami'a. Mai araha a yau, in ya tabbata ba sauran wata ƙofa sai tasa, me zai hana shi ƙara kuɗi gobe? Ban ce zai ƙara ba. Na ce babu abin da zai hana shi.

Ko wanda ya danna maɓallin da aka rubuta wa saye, sau da yawa izinin karatu kawai ya biya. A watan Yuli na 2009 Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane ya goge littattafan George Orwell guda biyu da suka riga suka biya, saboda wanda ya sa su a kasuwa ba shi da izini, ya mayar musu da kuɗinsu. Wani ɗalibin sakandare a jihar Michigan ya wayi gari bayanan da ya rubuta don aikin makaranta suna nan, amma shafukan da suke nuni gare su sun ɓace. Ya kai ƙara, kamfanin ya nemi sulhu, shugabansa kuma ya ba da haƙuri a bainar jama'a. A 2019 Microsoft ya rufe kantinsa na littattafan kwamfuta, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa. Ya mayar da kuɗi, wanda kuma ya yi rubutu a gefen shafi aka ƙara masa dala 25. Ga farashin da kasuwa ta yanka wa gefen shafi ke nan. Sai a 2024 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa masu irin wannan ciniki su bayyana wa mutum cewa izini yake biya.

Yanzu bari in juyo ga malamanmu, da dukkan girmamawa, don su ma suna da hannu a ciki. Kasuwar littafin jami'a ta yi kama da ta magani: wanda ya rubuta takardar ba shi ke biya ba, wanda ke biya kuma ba shi da ta cewa. Wakilin kamfani wajen malami yake zuwa, ya ba shi kwafi kyauta, ya nuna masa dandalin da zai ɗauke masa wahalar duba aikin ɗalibai 300. Jarraba ce babba, ba na kuwa zargin wanda aiki ya yi wa yawa in ya karkata. Amma wanda aka ba ikon kashe kuɗin aljihun wani, amana aka ba shi. Har sai da Majalisar Amurka ta yi doka a 2008 ta ce dole kamfani ya gaya wa malami farashin littafi da abin da aka sauya a sabon bugu, wanda ke nuna cewa a da ana zaɓe ba a tambaya. Malamin da ya tsaya ya duba ko tsohon bugu zai wadatar, ya ce wa ajinsa kowane bugu ya yi, ya sauƙaƙa musu fiye da duk wani kamfanin haya. Wannan magana ta shafe mu a nan gida, inda aka sha jin kukan ɗalibai game da takardun darasi da ake tilasta musu saye, har hukumomin jami'o'i da dama suka hana.

Akwai kuma hayar da ban ga abin zargi a cikinta ba, ita ce wadda jami'a da kanta ke gudanarwa. Jami'ar Eastern Illinois tana yin haka tun 1899, wasu rassan Jami'ar Wisconsin ma sun daɗe a kai. Jami'a ce ke sayen littattafai, ɗalibai su biya wani ƙayyadadden kuɗi tare da kuɗin makaranta, kowa ya shiga aji ranar farko da littafinsa. Sharaɗin da ke riƙe da tsarin a wuyan malamai yake: in sashe ya zaɓi littafi sai ya zauna a kansa na wasu shekaru, don kuɗin ya fita. Malamai sukan yi gunaguni cewa an tauye musu 'yanci, suna kuwa da hujja a fannonin da ke saurin sauyawa. Sai dai a nan mai littafin da mai hayar jama'a ɗaya ce, ba wanda ke cin riba in ɗalibi ya makara, wanda kuma littafi ya shiga ransa yana iya biya ya riƙe shi.

A 2012 Jami'ar Rice da ke Houston ta ɗauki wata hanyar dabam, ta kafa OpenStax. Gidauniyoyi ne ke ba da kuɗi, a biya masana su rubuta littafin darasi, wasu masanan su duba shi, sa'an nan a sake shi kyauta a intanet da izinin kowa ya kwafa. Da littafin kimiyyar lissafi na 'yan shekarar farko suka fara, daga baya suka yi na ilmin halittu da tattalin arziki da tarihi da sauransu. Ba su rufe kowane fanni ba, darussan manyan azuzuwa har yanzu sai an koma kasuwa, kuma tsarin yana rataye ne da alherin masu ba da kuɗi. Amma mawallafi ya karɓi ladansa, malami yana da ikon cire babi ya ƙara misalan ƙasarsu, ɗalibi kuma, a Houston yake ko a Zariya, yana iya sauke littafin, ya kai wa mai injin kwafi a bakin ƙofar makaranta ya buga masa babin da yake so, ya cika gefensa da rubutu, in ya gama ya miƙa wa ƙaninsa.